Gorunan Tanko da Wasan Jirgin Mutari

Tun ina yaro ba ni da zama. A gidanmu na Gangara kowa ya san haka. Da an ce a zauna sai ƙafafuna su fara ƙaiƙayi. Mutum ɗaya ce ke iya dasa ni wuri guda, ita ma ba kullum ba: Kaka Hajo, mahaifiyar babanmu.

Lokacin sanyi, bayan an gama kai gero rumbu, da an yi magariba an ci tuwo sai ta sa a hura wuta a ƙofar ɗakinta. Itace yana da wuya a wajenmu, kara muke ƙonawa da busasshen kashin shanu. Kara kuwa ba ya jimawa, ya tashi fuu ya mutu, dole wani ya riƙa miƙewa yana ƙarawa. Aikina ke nan, kuma na san da gangan ta ba ni shi. Yayana Mutari yakan naɗe ƙafa kusa da ita, ƙanwarmu Rabi ta ɗora kai a cinyarta, ita kuma tana ɓarar wake a ƙwarya, hannunta ba ya tsayawa ko da bakinta ya tsaya.

"To, ga baƙuwa a bakin zaure," haka take farawa. "A shigo da ita, ko ta yi gaba?"

"A shigo da ita!"

"Maigidana bai amsa ba, yana can yana bin ƙwaro. Lawali, in ba za ka zauna ba ka faɗa mini, in nemi wani mijin."

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma wadda ta fi ba ni haushi ita ce ta tsaya mini a rai.

Wai an yi wani manomi, Tanko, gidansa a bakin hanyar ayari. Duk ayarin da ya sauka, sai ya je ya roƙi iri ɗan cikin tafin hannu. Ya samu gero mai nuna da wuri, ya samu mai gashi wanda tsuntsu ba ya iya ci, ya samu maiwa da jar dawa da wake iri-iri. Kowane ya zuba shi a goransa, ya toshe bakin da laka, ya yi masa alama da gawayi, ya rataye a wani rumbu da ya gina musamman. Har goruna suka kai ɗari. A gonarsa kuwa iri ɗaya yake shukawa, wanda ya gada. Sauran, kullum da yamma zai shiga rumbun ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa, ya ji ƙararsu, ya fito yana murmushi. A nan Kaka takan girgiza ƙwaryar waken, caka-caka-caka, Rabi ta yi ta dariya.

In maƙwabci ya zo roƙo, Tanko ya ce ba yanzu ba. Matarsa Dije ce, in ya tafi kasuwa, takan ɓalle lakar wani gora ta ɗiba wa mai roƙo kaɗan, ta mayar ta toshe. Sau bakwai ta yi haka cikin shekaru.

Sai wata shekara damina ta makara ƙwarai. Da ruwa ya sauka, kowa ya san in ba gero mai nuna da wuri ba, babu abin da zai kai. Tanko ya shiga rumbunsa yana taƙama. Ya tarar gawayin ya goge, bai san wane gora ne wane ba. Ya fasa na farko, ƙwari sun mai da rabinsa gari. Ya fasa na biyu, haka. Waɗanda ya samu da kyan gani ya kwashe ya shuka, ya jira kwana bakwai, ko tsiro ɗaya.

"Amma ai yana jin ƙararsu kullum!" na ce, ina tsaye da kara a hannu.

"Ƙara ya ji, maigida. Bai taɓa sa su a ƙasa ya ga ko suna da rai ba."

Da Dije ta ga mijinta ya zauna a bakin rumbu, sai ta faɗa masa abin da ta yi. Ya bi gidajen nan bakwai, kansa a ƙasa. Kowa ya shiga ya ɗebo masa, don su kowace damina suna shuka nasu. Cikin bakwai ɗin akwai mai nuna da wuri, shi ya ci da gidansa a shekarar.

"Sauran fa, Kaka?"

"Sun tafi."

"Duka casa'in da ukun?"

"Ka iya lissafi ashe. Duka."

"A'a, ki gyara ta! Ki ce wani ayari ya sake zuwa."

"Ayarin nan ba su sake biyowa ta nan ba. Sa kara, wutar na mutuwa."

Na jefa karan na yi tafiyata bayan ɗaki, Mutari yana yi mini dariya. Bayan haka nakan roƙe ta ta maimaita, ina fatan wata rana za ta ƙara ko gora ɗaya. Ba ta taɓa ƙarawa ba. Ranar da na dame ta da yawa ma, shida ta ce.

Kaka ta rasu ina lise, wato sakandare, a Damagaram. A can ne ni da Mutari muka san injinan wasa, irin manyan akwatunan nan masu tsawon mutum, da allo da sanda da maɓallai, ka jefa ƙwandala ka yi dambe ko ka tuƙa mota. Bayan shekaru muka dawo Tanut muka buɗe shagon wasa kusa da tasha. Zuwa lokacin injinan sun mutu tuni, amma wasanninsu suna nan. Mutane sun kwafo abin da ke cikin injinan sun mai da shi fishiye, wato ƙunshin bayanai da ake ajiyewa a ordinatar, kwamfuta ke nan. Sai ka sa wata manhaja da muke kira emilatar, ita kuma ta yi kamar ita ce tsohon injin, wasan ya tashi yadda yake a da.

Mutari mai wasa ne, ni mai tarawa. Duk wanda na ji yana da wasanni, direba ne daga Agadas ko ɗalibi daga Yamai, sai na bi shi da kile, ɗan abin nan da ake soka wa ordinatar a ɗebi bayanai, na kwafa. Na tara dubbai a diski ɗaya. Masu zuwa shago ba su wuce wasa ashirin da suke so ba, amma ni daɗina in buɗe jerin sunayen in yi ta gangarawa ƙasa ba ya ƙarewa.

Akwai wani wasan jirgin sama mai harbi da Mutari ya ƙware a kai. In mutum ya ci maki da yawa, wasan yakan ba shi ya rubuta haruffa uku na sunansa a jerin gwanaye. MUT ne a sama, kuma duk samarin tasha sun gwada sun kasa sauke shi. Wata damina zazzaɓi ya kama Mutari, kwana biyar Allah ya karɓi abinsa. Bayan an share makoki na koma shago, abin da na fara yi shi ne cire wasan jirgin daga jerin da mutane ke gani. Ba na so wani ya hau kan sunansa. Ni ma ban ƙara buɗe shi ba.

Bayan kamar shekara, wani mai gyaran salula daga Belbeji, Alhasan, ya zo ya ce yana so ya buɗe irin shagona a can, in taimaka masa da wasanni. Na zaɓar masa talatin, ina ba shi ina jin kamar haƙorina ake cirewa.

"Na jirgin nan fa? An ba ni labarinsa."

"Wannan ba ya fita," na ce.

Ya dube ni, ya yi godiya ya tafi.

Bazarar bara diskin ya fara wani ƙas-ƙas in an kunna. Kullum sai in ce gobe zan sayi wani in kwafe. Wata azahar aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi, diskin bai ƙara tashi ba. Na shiga mota zuwa Damagaram, ban ko tsaya sanar da matata Zainabu ba sai daga hanya. Wani mai gyara ya kwana biyu a kansa ya ciro abin da ya ciru. Abin da ya ba ni tsibi ne kawai: sunayen sun ɓace, sun koma lambobi, wasu fishiyen rabinsu ne.

Wanda bai san aikin ba zai ce ai sai a buɗe a gani. Ba haka yake ba. Kowane wasa ƙunshi ne na ƙananan guntaye, wani biyar, wani ashirin, kuma in ɗaya ya ɓata ko sunansa ya sauya, baƙin allo kawai za ka gani. Wasu wasannin ma ba sa tsayawa da ƙafarsu. Muna ce musu ƴaƴa, suna aron guntaye daga wani babba da muke ce wa uwa. Uwa ta lalace, ƴaƴanta goma sun bi ta. Akwai wata ƙaramar manhaja mai riƙe da jerin yadda kowane guntu ya kamata ya kasance. Ita ke bin tsibin tana aunawa: kore lafiya, rawaya suna ne ya sauya za ta iya mayarwa, ja wani abu ya ɓace. Ranar farko da na sa ta, allon ya yi jajur har na miƙe na fita waje.

Mako uku na yi a kai. Ba na iya zama in jira ta gama. In zagaya shagon, in leƙa tasha, in dawo in tarar ba ta kai rabi ba. In na nemo guntu ta intanet, layin Tanut ya ja ni awa biyu, ya sauko kuma ya ƙi shiga, don an yi shi ne domin sabon emilatar, nawa tsoho ne. Samari suka gaji da leƙowa suka koma kallon ƙwallo. Zainabu takan aiko da abinci, a mayar mata da shi yadda yake.

"Wai mutuwa aka yi a shagon nan?" ta tambaye ni wata rana. Na ci gaba da kallon allon.

Abin da ya fi ci mini rai, mai gyaran ya tabbatar mini cewa da yawa daga jajayen nan ba wutar ce ta ɓata su ba. Tun ranar da na kwafo su a lalace suke. Shekaru ina alfahari da su, ban taɓa kunna su ba.

Na tafi Belbeji ranar kasuwa. Shagon Alhasan ɗaki ɗaya ne da allo biyu, cike da hayaniya. Talatin ɗin nan duk suna aiki, don kullum ana buga su, in ɗaya ya yi tari ranar zai sani. Ya ma ba wasu, su ma sun ba shi nasu. Na faɗa masa abin da ya same ni. Ya karɓi kilena ya kwafe mini duk abin da yake da shi, ya sa aka kawo mini shayi. Na san amsar, amma sai da na tambaya.

"Na jirgin, Alhasan?"

"Ai kai ka hana ni, Lawali. Amma na samu wani wajen wani direba. Yana ciki."

Da guntayensa na cike nawa. Layin wasan jirgin ya koma kore, na kunna, kiɗan ya tashi. Jerin gwanaye ya fito da wasu baƙin haruffa da masu ƙera wasan suka sa tun asali. Makin da mutane suka ci ba a cikin wasan yake zama ba, wani ɗan ƙaramin fishiye ne daban, bai kai nauyin hoto ɗaya ba. Nawa yana wurin da diskin ya ƙone. Da na ba Alhasan wasan a ranar da ya roƙa, da na haɗa masa da shi, don a jaka ɗaya na ajiye su.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar Tanko a kan rowa take, shi ya sa ban taɓa ganin kaina a ciki ba. Ni ai ina ba da sadaka, ina ciyar da baƙo. Yanzu ina ganin ba mugunta ce ta sa ya toshe gorunan nan ba. Son su yake, yana tsoron su ƙare, tsoron ne ya hana shi ko buɗe su. Kuma na daina jin haushin Kaka da ta ƙi ƙara ko ɗaya. Ta shuka ta girbe a ƙasarmu ta Damargu shekara sittin, ta ga abin da ke dawowa da wanda ba ya dawowa, ba za ta yi wa jikanta ƙarya don ya yi barci da daɗi ba. Yanzu diskina biyu, na uku yana wajen Alhasan. Kowace Juma'a nakan kunna wasu daga cikin waɗanda ba a bugawa, in ga suna tashi. Duk wanda ya zo da kile, ba na tambayarsa dalili. Amma hankalina bai kwanta ba har yau. Ko ƙaramin ƙas na ji a shago sai na miƙe.

Wasan jirgin na mayar da shi cikin jerin kowa. Ran nan Hadiza, ƴar Mutari, wadda ke hannunmu tun rasuwarsa, ta biyo daga lekol, makarantarsu, ta tsaya a bayana tana kallon wani saurayi yana bugawa. Shekararta goma sha uku yanzu.

"Baba Lawali, wannan ne wanda aka ce Babana ya fi kowa?"

"Shi ne."

"Koya mini." Ta ajiye jakarta ta ja kujera. "Maki nawa ya ci?"

Na buɗe baki in faɗa, sai na ji babu. Na san lambar tana da tsawo, ina jin da takwas ta fara, ko da uku. Shekara huɗu ina gadinta ban dube ta ba.

"Ban riƙe ba, Hadiza."

Ta riƙe sandar wasan da hannu biyu, idonta a kan allo.

"To, yaya zan san na kamo shi?"