Rabin Awar Baba Haladu

Ban taɓa mantawa da ranar da na kusa ɓata wa Baba Haladu sunansa na aiki ba, a kan lissafin da ni ne na kuskure.

Lokacin ban cika wata uku da zama jami'in kula da motoci a wani ofishin lafiya a Birnin Kudu ba. Baba Haladu shi ne direban da ke kai allurar rigakafi wani ƙauye can gaba da Farin Dutse, a ƙasar Gwaram. A akwatin ƙanƙara allurar take tafiya, in ta ji zafi ta lalace. Shi ya sa kowane direba yake rubuta lokacin tashinsa da na isarsa a littafin mota, ni kuma in duba.

Tafiyar kilomita sittin ce, rabi kwalta, rabi burji. A kwalta yana gudun sittin a awa, a burji ashirin. Sai na haɗa sittin da ashirin, na raba biyu, na sami arba'in. Wato awa ɗaya da rabi ta ishe shi. Amma littafi kullum awa biyu yake nunawa. Na yanke hukuncin cewa tsayawa yake yi a hanya yana harkar gabansa, na rubuta masa takardar neman ba'asi.

Shugabarmu, Hajiya Rabi, ta karanta ta ajiye.

"Malam Sani, ka tabbata? Baɗi zai yi ritaya. In na sa hannu, ta shiga fayil ɗinsa ke nan."

Da aka kira shi bai yi musu ba. Cewa ya yi, "Ɗana, ni ban yi boko ba. Gobe ka shigo motar, ka riƙe agogo."

Washegari muka tashi. Kwalta ta ƙare cikin rabin awa, har ina murmushi. Muna sauka burji sai ramuka da yashi, ga shanu suna tsallaka hanya. Bai tsaya ko shan ruwa ba. Da muka isa, na duba agogo: awa ɗaya da rabi a burji kaɗai.

"A ina muka fi daɗewa?" in ji shi.

"A burji, Baba."

"To don me ka yi musu rabo daidai?"

Nan na gane. Ba gudun ake haɗawa a raba ba. Nisan duka ake rabawa da lokacin duka: kilomita sittin cikin awa biyu, talatin ke nan a awa. Kunya ta rufe ni. Ga mata sun cika inuwar durumi da jarirai a goye. Ma'aikaciyar lafiya ta ƙauyen ta buɗe akwati, ta ce allura lafiya lau.

Da muka dawo na gaya wa Hajiya gaskiya a gabansa, na roƙe shi gafara, na janye takardar. Tare muka zauna muka gyara lokutan duk hanyoyinmu, shi yana faɗar halin kowace hanya, ni ina lissafi. Aka ƙara ƙanƙara ga masu zuwa nesa.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku yi lissafinku, yana da amfani. Amma kafin ku rubuta sunan mutum a takardar tuhuma, ku bi hanyar da yake bi, ko sau ɗaya ne.