Ranar da Gajimare Ya Koma Ƙarƙashina

Shekara da shekaru ina Lyon, ina sayar da kayan miya a wani ɗan shago a unguwar Guillotière, amma duwatsun Alpes daga nesa kawai na san su. In sama ta washe, akan hango kawunansu fari fat can gabas. Ni mutumin ƙasar Tawa ne. A wurinmu, tudu shi ne wanda jaki ke hawa bai tsaya hutu ba.

'Yata ta fari ce ta ja ni. Nan aka haife ta, a Paris take aiki, kuma sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata Uwata. Wani hutun Agusta ta iso da jakunkunan goyo da takalma masu nauyi.

Ta ce, "Baba, akwai hanyar ƙafa da ta taso daga wani tabki a arewa, ta bi ta kan duwatsu har bakin teku. Ɗan yanki kaɗai za mu bi."

"Me aka ajiye mana a can?"

"Ba komai. Gani kawai."

Na yi dariya, amma ba a musu da uwa.

Jirgin ƙasa ya kai mu wani gari, motar kar ta fasinja ta ƙarasa da mu ƙauyen da kwalta ta ƙare. Daga nan sai ƙafa. An shafa fenti fari da ja a jikin duwatsu, shi muke bi. Yinin farko gwiwoyina kaɗai na ji. Ita tana gaba, in ta ga na yi nisa sai ta duƙa kamar tana gyara igiyar takalmi har in iso. Muka kwana a wani ɗakin matafiya na dutse, tare da baƙin da ban san harshensu ba.

Da safe muka tashi cikin wani farin hazo mai laima, ko jakar Uwata da ƙyar nake gani. Ƙararrawar tumaki na kaɗawa kusa da mu, tumakin kuwa ba mu gan su ba. Na yi ta hawa kai a sunkuye, ina haki, ina tambayar kaina abin da ya raba ni da shagona.

Sai haske ya bugi fuskata. Na ɗaga kai.

Hazon nan ashe gajimare ne, mun ratsa shi mun fito ta samansa. Ga shi shimfiɗe ƙarƙashinmu kamar audugar da aka shiɓe, iyakar ganin ido. Duwatsu sun huda shi sun miƙe, wani bayan wani, da ƙanƙara a kafaɗunsu wadda rana ba ta taɓa cinyewa ba. Wata mikiya ta gitta ƙasa da mu. Tunda nake, ban taɓa ganin bayan tsuntsu yana tashi ba. Shiru kuwa har bugun zuciyata nake ji.

Na zauna.

Uwata ta ce, "Ça va, Baba? Lafiya dai?"

Na ce, "Muna yara, in damina ta makara, gari duka ke fita a ɗaga kai ana neman wannan abin. Yau ga shi ina leƙa shi."

Ta zauna gefena, ta jingina kanta da kafaɗata.

Na yi alwala da ruwan da ke tsatsowa daga gindin ƙanƙara, sanyinsa ya ratsa ni har ƙashi. Na yi nafila a kan wani falalen dutse. Da na ɗaga hannu, na rasa abin roƙo, sai godiya.

Bayan azahar muka gangara ta ɗaya gefen, muka sake shiga gajimaren. Can ƙasa ruwa yake zubawa. Muka isa ƙauyen gaba sharkaf, wata tsohuwa mai gidan abinci ta ajiye mana miya mai zafi da burodi. Na cinye, na nemi ƙari.