Loretta a Madubin Hagu

Rigimar farko da na ga Delbert Hruska ya yi, da matarsa ya yi ta, kuma ya sha ƙasa. A watan Mayun 1986 ne, ranar da suka fara zuwa fitar ƙungiyarmu ta masu gida-kan-taya. Ya jawo sabuwar tirelarsa ta kwana da jar akori-kura, ya tsaya a bakin gurbin da aka ba shi a sansanin da muka sauka, kusa da tafki. Matarsa Loretta ta buɗe ƙofa za ta sauka.

"Ina zuwa?" in ji shi.

"In duba maka baya mana."

"Ke, zauna. Shekara goma sha tara ina ribas da motar hatsi har cikin sito, ban taɓa ɗaukar mace ta nuna mini hanya ba."

"To, direban duniya. Allah ya ba da sa'a."

Ta ɗauko kujerarta ta naɗewa, ta zo ta dasa kusa da ni, ko sunana ba ta sani ba, ta ce in akwai sauran kofi a ba ta. Delbert ya sa ribas da hannu ɗaya, ɗayan yana rataye a taga don a ga gwaninta. Sai ji muka yi ƙaras! Ya bi ta kan famfon sansanin. Ruwa ya yi tsiri sama har ya wuce itatuwa, ya dawo ya sauka a kan teburin da gida talatin suka jera wake da nama da kek.

Ya fito jiƙe sharkaf, manyan kunnuwan nan nasa sun yi ja.

"Loretta! Ba ki ga famfon ba?"

"Na gan shi sarai."

"To me ya hana ki magana?"

"Cewa ka yi in zauna. Ka ga na tashi?"

Ni Ardith, ni ce alƙaliyar ribas a ƙungiyar nan tun kafuwarta, ba wanda ya naɗa ni, ba kuma wanda ya isa ya tuɓe ni. Da jan-baki nake rubuta maki a bayan farantin takarda in ɗaga. Ran nan na zana masa sifiri mai girman kansa. Shi kuwa daga ranar ya kafa wa kansa doka: in bai ga Loretta a madubin hagu ba, ƙafarsa ba ta barin birki.

A gonar masara aka haife shi a nan Nebraska, na huɗu cikin bakwai. Gona ta tafi hannun babban wa, shi ya samu sitiyari. Bai taɓa ganin teku ba, bai kuma taɓa tambaya ba. Magana tana masa wuya kamar cire haƙori, amma in murhun gas ɗinka ya ƙi kamawa, ko tankin ban-ɗakinka ya toshe, kafin ka gama ƙorafi za ka ga ƙafafunsa sun leƙo daga ƙarƙashin tirelarka. 'Ya ɗaya suka haifa, Rhonda, wadda ta girma ta tsani sauro da mu baki ɗaya.

Ƙarshen mako na biyu na kowane wata muke fita, daga Afrilu zuwa Oktoba. Gida ɗaya ne ke karɓar baƙuncin wata, su kama mana gurabe, su soya fanke ranar Lahadi da safe. Asabar kowa ya kawo tukunyarsa a haɗa, a yi karta, a ci naman wanda bai zo ba. Amma duk wannan cike gurbi ne. Abin da ke fito da mu daga gida shi ne la'asar ɗin Juma'a, lokacin da za mu jera kujeru mu kalli miji a sitiyari, mata a baya tana ɗaga hannu. Aure nawa na ga ya tsage a bayan tirela! Mijina na fari ni da kaina na nuna masa hanya har cikin kwata. Ban ce da gangan ba ne, ban kuma ce kuskure ba ne. Na biyun ya mutu kafin mu kai ga kwata. Yanzu 'yar ƙaramar mota nake ja mai gado ɗaya a ciki, ba ta buƙatar ribas, ba ta buƙatar namiji.

Su Delbert kuwa suka zama abin haushi. Ta tsaya a kusurwar hagu, ta karkata yatsa ɗaya, tirela ta bi yatsan kamar an ɗaura zare. Ta dunƙule hannu, ya tsaya cak. Hannu ke aiki, baki kuma yana nasa: "Delbert, kunnen jaki, a hankali! Delbert, gidan ubanka za ka rusa?" Shekara talatin da ɗoriya ina ɗaga musu goma, har jan-bakina ya gaji.

Mun taɓa kai tirela talatin da huɗu. Bana shida muka rage. Wasu suna maƙabarta, wasu 'ya'yansu sun ƙwace makulli sun sayar da tirelar tun kafin tsohon ya gama gardama. Yaran yanzu suna da nasu gidajen kan taya, sun fi namu ƙyalli, amma a waya suke kama gurbi, su zo su rufe ƙofa, ko sannu. Duk Afrilu mukan kaɗa ƙararrawa mu karanta sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Yanzu kafin a gama karatun, wake ya huce.

Shekara huɗu ke nan da Loretta ta kawo mana kolaci, burodin nan nata mai jam ɗin 'ya'yan itace a tsakiya, ta zuba gishiri a madadin sukari. Muka cinye muna yabo, munafukai. Daga nan ta fara kirana Bernice, sunan yayarta da ta rasu tun ina da ƙugu. Sannu a hankali magana ta ɗauke. Ta zauna ƙarƙashin rumfar tirela da tawul ɗaya a cinya, ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa. Delbert ke yi mata wanka, shi ke taje mata kai, tazar da ko akuya ba za ta yarda da ita ba. Da kunnena na ji ya miƙo mata shayi ta ce, "Na gode, bawan Allah. Don Allah ko ka ga mijina? Ya ce yanzu zai dawo." Ya ce, "Yana hanya, uwargida." Ya koma ciki, ya daɗe bai fito ba.

Sai dai abu ɗaya. Da zarar akori-kurar ta tsaya a bakin gurbi ya sa ribas, sai ta buɗe ƙofa ta sauka da kanta, ta taka zuwa kusurwar hagu, ta ɗaga hannu. Bayanta ya miƙe. Ta ce, "Delbert, kunnen jaki, a hankali!" Nan ne kaɗai sunansa ya rage a bakinta, a duniya duka.

Ni da ke riƙe da faranti ai ina da ido. Yatsanta ya nuna hagu, tirela ta yi dama. Ta dunƙule hannu saura taku biyar, ya tsaya, ya ɗan jira, ya lallaɓa ya ƙarasa. Da idonsa yake shiga gurbin, hannunta ado ne kawai. Yakan ma ɓata da gangan, ya fito ya sake shiga, don zagin ya ɗan yi tsawo. In ya sauko ya ce, "Daidai wa daida, kamar kullum." Ni kuma in ɗaga goma. Na sha yin ƙarya a kan abin da bai kai wannan ba.

A fitar Satumban nan abin ya ɓaci. Yana cikin ribas sai ta sauke hannu, ta juya, ta shige bayan tirelar tana kiran wani kare nasu da ya mutu shekara ashirin da suka wuce. Da ta fita daga madubi, ƙafarsa ta sauka kan birki, dokar nan tasa ta 1986. Muka ruga, in dai abin da masu shekara tamanin ke yi sunansa gudu. Muka same ta tsaye, tsakaninta da ƙarfen baya bai fi taƙi ɗaya ba, tana leƙen ƙarƙashi. Ranar ba ta kira sunansa ba, ko sau ɗaya. Na lura. Shi ma ya lura. Na ajiye farantin a cinya ban rubuta komai ba.

Lahadi da safe, bayan fanke, shugabanmu Verl Oberg ya buga cokali a kofi. Verl tsohon mai sayar da inshora ne, mutumin da ko atishawa zai yi sai ya duba tsarin mulkin ƙungiya. Matarsa Doris ta ja Loretta can bakin ruwa don kada ta ji, kamar da jin zai sa ta gane.

"Ɗan'uwa Delbert," in ji Verl, "ba wanda ke son wannan magana."

"To bar ta mana," na ce.

"Ardith, ba a ba ki izini ba."

"Yaro, tun kana da gashi nake magana ba izini."

Ya share ni. Ya ce ya riga ya kira sansanin Oktoba, ya kama wa Delbert gurbi mai ƙofa biyu, a shiga ta gaba a fita ta gaba, ba ribas. In kuma ribas ɗin ya zama dole, shi Verl zai tsaya masa a baya, Loretta ta zauna a mota da bel a ɗaure.

"Kai za ka tsaya mini a madubi?" in ji Delbert. "Da wannan fuskar?"

Aka ɗan yi dariya, irin ta asibiti.

Gaskiya ɗaya ce, kuma ba ta mini daɗi: Verl ne ke da ita. Taƙi ɗaya ya raba mu da jana'iza. Duk kuma mun san sauran. Rhonda ta samar wa uwarta ɗaki a gidan kula da tsofaffi daga ɗaya ga Nuwamba, ta kuma ɗauki hoton tirelar ta sa a kasuwa. In su Delbert sun fita mun koma biyar, sansani kuwa ba ya ba ƙungiya wuri sai ta kai shida. Ni ma likitan ido ya fara yi mini wani irin kallo, alamar tuƙina ya kusa ƙarewa. Wato muna gardama ne a kan minti uku na wata la'asar a Oktoba, waɗanda wataƙila ma ta tsaya a cikinsu ta ce masa bawan Allah.

Verl ya matso, ya sassauta murya, abin da ya fi tsawarsa muni.

"Delbert, tsakani da Allah. Kowa a nan ya san ba hannunta kake bi ba. Shekara biyu ke nan da kanka kake shiga. To mene ne amfanin tsayuwarta a wurin? Faɗa mana, mu ma mu sani."

Delbert ya juya kofinsa a kan tebur. Ya dubi bakin ruwa, inda Loretta ke ninke tawul a tsaye. Kunnuwan suka yi ja kamar ranar famfo.

"Sau ɗaya a wata nake da mata, Verl, na minti uku, kuma sau ɗaya ya rage mini. Mayar musu da gurbinsu mai ƙofa biyu. Sau ɗaya tak a rayuwata na ce wa matar nan ta zauna, kuma kai ma ka ci jiƙaƙƙen waken ranar."