Daminar da na yi a zaure

Ranar wata Talata, a tsakiyar daminar shekarar da nake aji biyar a firamare, na faɗo daga kan bishiyar marke da ke bakin gonarmu. Inna ce ta aike ni in yanko wa awaki ganye, reshen kuwa ya sha ruwan asuba, santsi ya kwashe ni. Ban ji zafi nan take ba, ƙarar kawai na ji, kamar an taka busasshen kara. Baba yana noma a kusa, ya yar da fartanya ya saɓo ni a kafaɗa, ya ratsa cikin gero da ni har gida, ƙafata ta hagu tana reto.

Kafin azahar mai ɗori ya iso daga ƙauyen gaba. Ya ja ƙafar har na suma, ya jera mata karare ya naɗe da tsumma, ya ce kada wanda ya kuskura ya kwance sai gero ya nuna. Da yake ɗakin Inna yana yoyo, sai aka shimfiɗa mini tabarma a zaure. Daga nan duniyata ta koma faɗin ƙofa. Da safe in ga abokaina sun wuce makaranta da tsintsiya a hannu, in ji an buga tsohon ƙarfen motar nan da muke kira ƙararrawa. In ga ƙannena sun kora awaki, 'yan mata sun wuce rijiya da tuluna, manya sun tafi gona, gari ya yi tsit, ya rage daga ni sai ƙudaje da ƙadangarun jikin katanga. Da yamma yara su kafa langa a ƙofar gidanmu, ina jin ihunsu, ƙafata mai lafiya tana motsi ita kaɗai.

Zaman ne ya koya mini saurare. Na haddace yadda mai kanwa yake jan kiransa ta hanci, da yadda maƙwabtanmu biyu suke rigimar iyakar gona kullum, kowa yana rantsuwa da kabarin kakansa. Wata rana yayata Ladi ta kawo mini kunu, na kwaikwayi rigimar, murya biyu a baki ɗaya. Ta yi dariya har kunun ya zube. Kafin mako ya zagayo, manoma in sun taso bayan la'asar sai su jingine fartanyu a zaurenmu su ce, “To ɗan Audu, me aka yi a gari yau?” Ni da ban taka ko'ina ba, ni ke ba su labarin garinsu. Ana kawo mini dafaffiyar gyaɗa da gasasshiyar masara. Baba, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba sai wajen cin goro, ya riƙa dariya yana share hawaye da hularsa.

Ana cikin haka ƙafar ta fara kumbura a ƙarƙashin tsumman, tana zogi, tana wari. Na ce, “Baba, kamar an zuba mini garwashi a ciki.” Zauren ya kwashe da dariya, wani ya ce, “Wa kuma yake kwaikwaya yau?” Na fashe da kuka, wani dattijo ya buga cinya ya ce wallahi haka Tanko maƙeri yake yi in haƙori ya tasa shi gaba. Inna kaɗai ta gane, amma maganar mai ɗori ta ɗaure mata hannu. Sai ta zauna tana yi mini fifita, tana kawar da fuska.

Malam Habibu, malamin ajinmu, shi ya zo a kan kekensa duba ni. Na fara yi masa kwaikwayon mai kanwa don in faranta masa, bai ko murmusa ba. Ya durƙusa ya shinshina tsumman, ya tashi ya bi Baba har gona. Ban san me suka faɗa ba. Washegari dai aka saka ni a bayan akori-kura, tsakanin buhuna, zuwa asibitin Ɗanbatta. An ceci ƙafar, amma ta warke a karkace, ta gajarce. Ran da na fara dogara sanda, Baba ya dube ni ya daɗe, ya ce, “Wannan kam ba shi da rabon fartanya. Sai dai boko.” Ba a tambaye ni ba, ni kuwa a lokacin ba abin da nake so irin in ja kunyar noma ɗaya da yayyena. Da na koma aji, Malam Habibu ya ba ni takarda ya ce in rubuta abin da nake faɗa a zaure, duk Juma'a in karanta wa 'yan aji.

Yau ina koyar da Hausa a wata sakandare, ina kuma da shafin raha a wata jarida, inda nake ba da labarin kaina da na mutanenmu. Da shi aka san ni, da shi ake gaishe ni a tasha da wajen biki. Da Inna ta rasu, na zauna na rubuta labarinta yadda yake a zuciyata, na aika. Edita ya kira ni ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce, “Malam, ya yi kyau ƙwarai, amma ina dariyar? Masu karatu ita suke jira.” Na ce masa to, na aika wani.

In na je gida hutu, nakan tarar zauren ya zama shagon cajin waya, dattawan nan yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Nakan yi kewarsu, don a da ina ganin fuskar mai yi mini dariya, ina cin gyaɗarsa, yanzu kuwa ban san su waye ba. Har yau dai ban iya cewa ina jin ciwo a yarda da ni ba.