Ɗanyar Madarar Yaya Bello

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Bello, manomi mai shanu a Fakku, amma har yau in na ga kumfar madara a ƙwarya shi nake tunawa. Da an tatsa zai kafa kai, da ɗuminta. In ka ce a dafa, sai ya harare ka: "Ku mutanen Tambuwal, aikin gwamnati ya lalata muku ciki!" Da ni yake, don a can nake koyarwa.

Shekarar da shanunsa suka yi ta ɓari, ciwon da makiyaya ke kira bakkale, zazzaɓi ya kama shi. Ya tafi, ya dawo, ga zufa, ga ciwon gaɓoɓi. Aka sha maganin zazzaɓin sauro, aka jiƙa na shawara, shiru. Sai da muka kai shi asibiti likita ya fayyace mana. Ƙwayar cuta ce daga saniya, tana bin ɗanyar madara, ta ratsa hanji, ta ɓuya cikin ƙwayoyin jinin da aikinsu kashe ta ne. Su ke yawo da ita har hanta da saifa da gaɓoɓi. Ta Yaya ta riga ta kai zuciya. Allah ya jiƙansa.

Da zai leƙo yau, na san tsiya zai fara yi mana, sannan ya yi murna. Garken ya ƙaru a hannun ɗansa Nasiru, saniya na ɓari ake kiran malamin dabbobi. Baƙo kuwa har yau ba ya fita gidan bai sha madara ba, wannan halin Yaya ne, bai mutu ba.

Inna, mahaifiyarmu, ita ce damuwata. Ba ta taɓa yarda madara ce ta kashe shi ba, a wurinta kwana ne ya ƙare. Ban musa ba. Amma bana aka kai Safiya, 'yar Nasiru, yaye ɗakinta, kuma da ɗanyar madara Inna ta yaye mu duka. Na sauka mota a Kebbe, na hau babur zuwa Fakku ina ta shirya lallashi.

Na tarar da ita gaban murhu, madara na tafasa, Safiya a bayanta.

"Inna, ashe kin yarda?"

"Ban yarda da komi ba, kwana nika cewa har gobe." Ta gyara itace. "Amma ni na ga gawar Bello. Wagga kau, ita za ta ga tawa."