Mai Ɗanɗana Miya

Da muka koma Isa, mu kaɗai ne Kirista a layinmu. Na zo da burin yi wa Ubangiji babban aiki, sai ya ba ni ɗanɗana miya. Watan azumi, da la'asar, maƙwabta kan ƙwala mini kira ta kan katanga: "Malama, zo ki ji mana gishiri!" Tunda ba ni azumi, sai in bi gida-gida da ludayina. Har nakan yi gunaguni: wai wannan ce hidimar?

Wata shekara zazzaɓi ya kwantar da ni cikin azumin. Bayan shan ruwa kwanuka suka riƙa shigowa, wata miyar lami, wata gishiri ya zarce. Duk na sha, ban gyara wa kowa ba.