Ranar da Aka Tsefe Mini Kai

Akwai wata ranar kasuwa a Dakoro, cikin daminar da mahaifiyata ta kwanta ciwo, wadda har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba. Ba wani babban abu aka yi ba. Kitso aka yi mini.

Ni ce 'yar fari a wurinta, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Ana yaye ni aka kai ni ƙauye wurin kakata, can na girma, ita nake kira Inna. Mahaifiyata kuwa Yaya nake ce mata. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama ta yi hira da ni, in wani ya yabe ni a gabanta sai ta sunkuyar da kai ta kama wani zance. Kunya ce, ba ƙiyayya ba, haka aka gaya mini tun ina ƙarama. Da kakata ta rasu na dawo gida ina lise, wato babbar sakandare, muka zauna ni da mahaifiyata kamar baƙi biyu masu mutunta juna.

Shekarar da zan yi jarrabawar bak, ta gama lise, ciwon ya bayyana. Ƙari ne a nono, ta daɗe tana ɓoye shi. Kawuna ya kai ta Maraɗi, daga can aka tura su Yamai, suka dawo da leda cike da magani. Kansa ce, ciwon daji, kuma an ce an makara. Mahaifinmu ya riga ya rasu, ƙannena duka maza ne, ciwon kuma a wurin da namiji ba ya gani. Ba wanda ya ce mini ni zan yi jinya. Kowa dai ya waiwayo ya dube ni.

Wata malamar asibiti ta nuna mini yadda ake wanke ciwon, na kuwa riƙe da kyau. In tafasa ruwa, in bar shi ya huce, in jiƙa tsohuwar audugar kafin in ɗaga ta don kada ta ja nama. Duk tsawon lokacin fuskar mahaifiyata na bango. Ba ta cewa wayyo, ba ta cewa sannu. Ina gamawa sai ta ja zane ta rufe ƙirjinta da sauri, kamar na kama ta da laifi.

Da farko gida cike yake da masu dubiya. Su tambaye ni ya mai jiki, in ce da sauƙi, su shiga, su ajiye fura ko sabulu, su fito su ce Allah ya ƙara sauƙi. Da ciwon ya fara wari sai zaman ya gajarta, wasu daga bakin ƙofa suke gaisuwa, mayafi a hanci. Da ruwa ya sauka kowa ya koma gona, kawu ya kwashe ƙannena zuwa tasa. Jarrabawa ta zo ta wuce ban shiga ba. Ranar da sakamako ya fito ina shanya tsummoki na ji 'yan ajinmu sun wuce bisa babura suna ihu. Nakan zauna bakin ƙofar ɗakinta da littafi a cinya, in wuni a shafi ɗaya. Gida shiru, sai tarinta da kukan kaji.

Wata rana wata maƙwabciya ta leƙo, ta tarar ina goge mata ƙafa, ta ce, "Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, tana ƙoƙari." Na kasa kunne. Mahaifiyata ta ce, "Jiya an yi ruwa wajen gonarku?"

Na san al'ada, wallahi na sani. Amma ranar sanin bai amfane ni ba. Na zaga bayan ɗaki na yi kuka har na gaji. Na ce a raina wataƙila hannuna ne ba ta so, wataƙila ganina kusa da jikinta yana ƙara mata wahala. Na yanke cewa ranar kasuwa in kawu ya shigo gari zan ce masa ya nemo wata daga dangi, ni in koma ƙauye.

Ranar kasuwar da hantsi, kafin kawu, sai ga sallama da ƙarfi. Aminiyar mahaifiyata ce tun suna 'yan mata, wata makitsiya daga Sabon Maci, Iya muke ce mata. Ta shige ɗakin kai tsaye, ba ta rufe hanci ba, ta zauna bakin gado.

"Ke kuma, mutane na can suna noma kin miƙe kamar amarya?"

Na ji mahaifiyata ta yi dariya, abin da na daɗe ban ji ba. Can Iya ta fito ta tsaya a kaina.

"'Yar lekwal, cire kallabin nan in gani."

Na ce, "Iya, ruwan wankin ciwo na bisa wuta."

"Ba guduwa zai yi ba. Cire."

Na cire. Ta riƙe baki. "Innalillahi! Wannan kai ne ko sheƙar tsuntsu? Haka mushenku ya koya muku a aji?"

Rabona da kitso tun kafin su tafi Yamai. Ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta miƙe ƙafa, ta ja kaina ta ɗora bisa cinyarta. Ta fara tsifa, tana shafa man shanu, tana mita. Sai a lokacin na lura, tun rasuwar kakata ba wanda ya taɓa ni. Ni ce mai taɓawa, mai ɗagawa, mai gogewa. Hawaye suka fara jiƙa mata zane. Ba ta ce in yi shiru ba, ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta ci gaba da tsaga gashi.

"Me kika ci yau?"

Na ƙara cusa fuska a cinyarta.

"Jiya fa?"

Na ce, "Iya, ba ta so na. Ko kallona ba ta yi."

Ta ranƙwashe ni da bayan tsinken kitso, ba da ƙarfi ba. "Duk karatun nan ashe babu wayo. Kin zaci haka kawai na bar wakena cikin ciyawa na taho? Ita ta aiko. Bafillatanar da ke kawo muku nono ta biyo har gona ta same ni. Ta ce in zo in duba mata yarinyar, kanta ya lalace, ba ta cin abinci, in ta zaga bayan ɗaki kuka take yi. Ta ce ita bakinta ba zai iya ba."

Na ce, "To me ya sa take juya mini baya?"

"Wace uwa ke son 'yar farinta ta ga ƙirjinta a haka? Kunyarki take ji, ɗiyata, da tausayinki. Ni ta gaya wa, ke ba za ta taɓa gaya miki ba, kada ma ki jira."

Da aka gama ta tura ni gaba muka shiga ɗakin. Mahaifiyata ta ɗago ido sau ɗaya, ta mayar bango. Ba da ni ta yi magana ba, da Iya ta yi.

"Kin ja mata da yawa. Gaban kanta ba ya son ja, tun tana jaririya."

Da kawu ya zo da la'asar, ruwa kawai na kai masa.

Iya ta yi 'yan kwanaki tare da mu. Ta karɓi wanki da girki, ta tilasta mini cin tuwo a gabanta, ta kore ni in je in gaida ƙawayena. Kafin ta tafi ta bi gidajen maƙwabta, ban san me ta faɗa musu ba, amma daga nan kullum akan sami wadda za ta zo ta zauna da mai jiki, ni in kwanta in huta. Na ci gaba da wanke ciwon, fuskarta na bango kamar da, sai dai bangon ya daina ci mini rai. Bayan an yi girbi Allah ya karɓi abarsa, tana jingine a jikina.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, a gidan da ake jinya marasa lafiya biyu ne, ɗaya ce kawai ke kwance. Yanzu in na je dubiya, bayan na gaida mai ciwo nakan nemi wadda ke tsaye bakin murhu. Ba na ce mata ta yi haƙuri, ta riga ta yi. Nakan tambaye ta me ta ci, in karɓi abin da ke hannunta, in ce ta zauna.